Waye ainihin mai waƙar "Without You", Mariah Carey ko wani ne daban?

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ya ce gardama ce ta kaure tsakaninsa da abokinsa a kan waƙar nan ta soyayya mai suna "Without You", shi ya ce ta Mariah Carey ce tunda a bakinta ya fara ji tun yana sakandare, abokin nasa kuma ya rantse ta Air Supply ce, sai wani dattijo a majalisarsu ya ce duk ƙarya suke, ta wani bature ce Harry Nilsson. Shine yake so in raba gardama, wa ya rubuta ta tun farko, su waye kuma suka maimaita.

Toh ɗan'uwa, dattijon nan ya fi ku kusa da gaskiya amma shima bai kai ba. Waɗanda suka rubuta waƙar mutum biyu ne 'yan Birtaniya, Pete Ham da Tom Evans, 'yan wata ƙungiyar kiɗa da ake kira Badfinger, kuma su suka fara rera ta a albam ɗinsu mai suna No Dice da ya fito a watan Nuwamba 1970. Nilsson ya ɗauka ya sake ta a 1971, Air Supply suka yi tasu a 1991, Mariah ta yi tata a 1993. Iya amsar kenan in sauri kake. Amma ni wallahi ba na iya ambatar waƙar nan in wuce haka kawai, saboda labarin mutum biyun nan yana taɓa min zuciya, kuma na daɗe ina jin haushin yadda duniya ta haddace waƙarsu ta manta sunansu.

Ni kaina lokacin da nake aikin saka faya-fayai a gidan rediyo shekarun 90, ta Mariah muka fi sakawa, masu kiran waya su roƙe ta, masu turo gaisuwa su roƙe ta, kaset ɗin Music Box har ya fara ja saboda yawan juyawa. Wata rana ina kwashe tsofaffin faya-fayai a sito na ci karo da ɗan ƙaramin faifan garmaho na Nilsson, irin mai waƙa ɗaya a kowane gefe, takardar tsakiyarsa ruwan lemo ta kamfanin RCA, duk ƙura. Na goge da gefen riga na duba, sunan Nilsson da manyan baƙaƙe, sai a ƙarƙashin sunan waƙar wasu 'yan ƙananan sunaye biyu da sai ka matso da ido, Ham da Evans. Na koma na zaro takardar cikin kaset ɗin Mariah, sai ga sunayen nan dai guda biyu. Daga ranar na fara bin diddigi.

Badfinger asalinsu daga garin Swansea ne a yankin Wales, da can sunansu The Iveys. Pete Ham ɗan Swansea ne, an haife shi 1947, shi da mai gangarsu Mike Gibbins gari ɗaya, shi kuma Tom Evans ɗan Liverpool ne, shima 1947, ya shigo ƙungiyar 1967, daga baya Joey Molland shima ɗan Liverpool ya cike su huɗu. A 1968 kamfanin Apple Records ya ɗauke su, ba Apple na waya ba fa, wannan kamfanin faifai ne da Beatles suka kafa da kansu a Landan. Kaga yara 'yan shekara ashirin da ɗoriya sun faɗa hannun manyan mawaƙan duniya a lokacin, kowa ya ce sun tsinci dami a kala. Paul McCartney na Beatles da kansa ya rubuta musu "Come and Get It" a 1969 ta yi kasuwa, George Harrison, shima na Beatles, ya ja su suka kaɗa masa gita a babban albam ɗinsa All Things Must Pass, ya kuma tafi da su taron kiɗan agajin Bangladesh a New York a 1971, inda Pete ya tsaya gefensa su biyu kacal da gita a gaban dubban mutane. Ba 'yan ku-ci-ku-ba-mu ba ne, suna da nasu waƙoƙin da suka shiga goman farko a Ingila da Amurka, kamar "No Matter What" da "Day After Day", duk Pete ne ya rubuta.

Abinda ya fi burge ni shine yadda aka haifi "Without You", domin asalinta ba waƙa ɗaya ba ce, rabi da rabi ce aka ɗinke. A lokacin duk suna zaune gida ɗaya a unguwar Golders Green a Landan, da ɗan ɗakin ɗaukar murya a ciki. Pete ya yi wa budurwarsa alkawarin fita da ita wani dare, sun shirya kenan sai Tom ya tare shi ya ce yana da wata dabara ta waƙa su shiga su gwada. Yarinyar ta ce ba komai ya je, ta yi murmushi, amma shi ya kalli idonta ya ga ranta bai so ba. Wannan kallon shi ya zama baitocin waƙar, mutum na dariya a baki ido na faɗin wani abu daban. Ya sa mata suna "If It's Love", baitoci sun yi kyau amma amshin bai gamsar da shi ba, ya ajiye. Shi kuma Tom a nasa ɓangaren, wata Bajamushiya da yake so, wadda daga baya ta zama matarsa, ta bar shi ta koma ƙasarsu, hankalinsa ya tashi har ya bi ta, a cikin wannan halin ya rubuta wani amshi mai ƙarfi na mutumin da yake cewa rayuwa ba za ta yiwu masa ba in babu masoyiyarsa, amma shi kuma baitocinsa ba su yi armashi ba. Sai suka ɗauki baitocin Pete suka jona da amshin Tom. Shi yasa in ka lura da kyau baitocin suna tafiya a hankali kamar mai ba da haƙuri, amshin kuma kamar mai kururuwa, zuciya biyu ce ta mutum biyu da mata biyu daban-daban.

Kuma su kansu ba su ɗauke ta wata babbar tsiya ba. Sun naɗe ta a 1970 tare da Geoff Emerick, injiniyan sautin da ya yi wa Beatles aiki, suka saka ta a ƙarshen gefen farko na faifan, ba su ma fitar da ita a matsayin waƙar talla a Ingila ko Amurka ba. Tasu ta gita ce da ganga, sauti a bushe, ba goge ba ado, tana ɗan ja da tsawo a ƙarshe.

Sai Harry Nilsson. Shi Ba'amurke ne haifaffen Brooklyn 1941, ya yi shekaru yana aikin dare a sashen kwamfuta na wani banki a Los Angeles yana rubuta waƙa da rana. Ya ji waƙar ne a wani gidan liyafa, da gari ya waye ta tsaya masa a rai, ya ɗauka ma ta Beatles ce, sai da aka bincika aka gano ta Badfinger ce. Wannan kuskuren ba abin mamaki ba ne tunda kamfani ɗaya suke kuma sautinsu na kama. Yana haɗa albam ɗinsa Nilsson Schmilsson a Landan tare da furodusa Richard Perry, da farko shi so ya yi a bar ta da fiyano da murya kawai yadda ya gwada ta, Perry ya dage sai an yi mata babban kiɗa. Aka kawo Gary Wright ya buga fiyanon nan da kake ji a farko, Klaus Voormann a gitar bes, Jim Keltner a ganga, Paul Buckmaster ya tsara gogen turawa da ƙahonni da ke tasowa a baya kamar hadari.

Amma babban abinda Nilsson ya yi wa waƙar, wanda ya mayar da ita abinda kai da abokinka kuka sani, shine yadda ya bi da amshin. Sai ya fara rera shi a ƙasa-ƙasa, kamar mutum na magana da kansa a ɗaki, ka ɗauka iyakarsa kenan, sai ya sake maimaita kalmomin nan dai amma ya ɗaga murya ta tashi sama da cikakken hawa guda, abinda masu kiɗa ke kira oktab, har kana jin kamar maƙogwaronsa zai tsage. Wannan tsallen shi ne sirrin. Duk wanda ya zo bayansa, Air Supply ne, Mariah ce, 'yan gasar waƙa a talabijin ne, wannan tsallen suke bi, ba tsarin Badfinger ba. Shi yasa nake cewa in ana maganar adalci a ba Nilsson da Perry haƙƙinsu, ba su rubuta ko kalma ɗaya ba amma su suka gano abinda ke kwance a cikin waƙar wanda masu ita ba su gani ba.

Ta fito ƙarshen 1971, zuwa farkon 1972 ta hau lamba ɗaya a Amurka ta yi sati 4, a Ingila ta yi sati 5, ta kuma ciyo wa Nilsson kyautar Grammy ta gwarzon mawaƙi namiji. Wani abu da mutane ba su cika sani ba, Nilsson fa gawurtaccen marubucin waƙa ne shi kansa, shi ya rubuta "One" da Three Dog Night suka yi suna da ita a 1969, amma Grammy biyun da ya ci a rayuwarsa duk a kan waƙar wasu ne, ɗayar "Everybody's Talkin'" ce ta Fred Neil. Su kuma Pete da Tom an ba su lambar Ivor Novello ta marubuta waƙa a Ingila, wannan kam sun gani da idonsu.

Yanzu a ƙa'ida ya kamata a ce daga nan sun warke. Bari in ɗan yi maka bayanin yadda abin yake, domin anan mutanenmu ke rikicewa. Kowace waƙa da kake ji haƙƙi biyu ne a kanta. Akwai haƙƙin rubutu, wato kalmomi da karin waƙar, wannan na marubuci ne da kamfanin da ke kula masa da shi. Akwai kuma haƙƙin naɗin muryar, wannan na mai rerawa ne da kamfanin faifansa. In wani ya maimaita waƙarka, naɗin nasa ne amma rubutun naka ne har gobe, duk faifan da aka sayar da duk sakawar da aka yi a rediyo akwai kasonka. A Amurka ma tun dokar 1909, muddin ka riga ka fitar da waƙa kasuwa, kowa na iya maimaita ta ba sai ya roƙe ka ba, sai dai dole ya biya kuɗin da doka ta yanka a kan kowane kwafi, a zamanin Nilsson santi 2 ne. Kaɗan ne a ido, amma ka lissafa da miliyoyin faya-fayai, ga kuɗin rediyo da ƙungiyoyi irin su ASCAP a Amurka da PRS a Ingila ke tattarowa. Kaga maimaici ba sata ba ne, Mariah ba ta saci komai ba, sunan masu waƙa na nan a takarda kuma an biya. Ya bambanta da abinda muka saba gani a wasu waƙoƙin finafinanmu, inda za a ɗauko karin waƙar Indiya a ɗora mata kalmomin Hausa ba a ko ambaci mai ita ba.

Toh amma biyan kuɗi daban, isarsu hannun mai su daban. Abinda ya faru da Badfinger shine kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A 1970 suka damƙa harkar kuɗinsu ga wani manaja ɗan Amurka mai suna Stan Polley, ya kafa kamfanin da duk kuɗinsu ke bi ta ciki, su kuma ana ba su ɗan albashi kamar ma'aikata. Ga shi kuma Beatles sun watse suna shari'a da juna, kuɗaɗen da ke hannun Apple suka maƙale shekara da shekaru, kuma a can haƙƙin rubutun "Without You" yake. Suka koma kamfanin Warner, a 1974 suka fitar da albam mai suna Wish You Were Here wanda masana suka yaba sosai, sai Warner suka nemi wasu kuɗin da suka ajiye a asusun amana suka tarar babu, suka shigar da ƙara suka janye albam ɗin daga kasuwa bayan 'yan makonni. Zuwa farkon 1975 ɗan albashin ma ya tsaya. Pete na da bashin gida a kansa, budurwarsa na da tsohon ciki, yana ta buga waya Amurka ba a ɗauka, shi kuma mutum ne mai yarda da mutane, shi ne na ƙarshe a cikinsu da ya yarda cewa an cuce su.

Ranar 24 ga Afrilu 1975 Pete Ham ya kashe kansa a garejin gidansa a Surrey, saura kwana 3 ya cika shekara 28, kuma a takardar da ya bari ya ambaci sunan manajan nan. Tom Evans aka kira cikin daren, ya zo ya ga abokinsa da idonsa. Wata ɗaya bayan haka aka haifi 'yar Pete. Ina rubuta wannan ne raina na ɓaci, yaron da ya rubuta waƙar da a lokacin ake sakawa a kowane gidan rediyo daga Landan har Los Angeles, ya rasa kuɗin biyan bashin gida.

Tom bai taɓa komawa daidai ba. Ya yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ƙungiyar, shi da Joey Molland suka yi albam biyu, suka ɓata, har aka wayi gari kowannensu na yawo da tasa ƙungiyar da sunan Badfinger, ga ƙararraki a kotu. A watan Nuwamba 1983, bayan wata zazzafar gardama ta waya da Molland a kan kuɗin da suka maƙale, ciki har da na wannan waƙar, shima ya kashe kansa a gidansa, ranar 19 ga wata, yana da shekara 36. Sai bayan rasuwarsa, a 1985, aka daidaita yadda za a raba kuɗin tsakanin iyalan mamatan biyu da sauran 'yan ƙungiyar da tsohon manajansu na farko Bill Collins.

Ita Mariah Carey ta zo ne shekara 10 bayan Tom. Ta saka waƙar a albam ɗinta Music Box na 1993, ita da Walter Afanasieff suka tsara, kuma a fili yake ta Nilsson ta bi sawu da ƙafa, fiyanon farko, farawa a ƙasa, tsallen amshi, sai ta ƙara da 'yan amshi irin na coci a ƙarshe da lanƙwasa murya irin tata. Aka fitar da ita ita kaɗai a Janairu 1994, kwanaki kaɗan bayan Nilsson ya rasu da ciwon zuciya ranar 15 ga watan yana da shekara 52. A Amurka ta tsaya a lamba 3, amma a Ingila kai tsaye ta shiga a lamba ɗaya ta yi sati 4, ita ce ta farko da Mariah ta taɓa kaiwa wannan matsayi a can, haka a Jamus da sauran ƙasashen Turai da dama. Wannan ce ta iso mana da ƙarfi ta kaset da rediyo, shi yasa duk wanda ya taso a shekarun 90 zai rantse tata ce, ba laifinka ba ne. Ni a ra'ayina ta yi ƙoƙari ƙwarai, muryarta ta ƙasa a baitin farko abin a saurara ce, amma tana da ƙarfin da ya sa tsallen ya zo mata da sauƙi, shi kuwa Nilsson kana jin wahalar a muryarsa, kuma wahalar nan ita ta dace da maganar da waƙar ke yi.

Abokin naka da ya ce Air Supply, shima yana da hujja, 'yan Ostareliyan nan sun rera ta a albam ɗinsu na 1991, kuma da yake irin salonsu kenan na rok mai taushi da kukan soyayya, masu haɗa kaset sun yi ta cusa ta a cikin tarin waƙoƙinsu har ta zama kamar tasu. An ƙiyasta mawaƙa sama da 180 sun rera waƙar nan. Sai dai ku kula kar ku haɗa ta da wata mai kama da suna, "How Am I Supposed to Live Without You", wannan daban ce, Michael Bolton ne ya rubuta da Doug James, Laura Branigan ta fara rerawa a 1983, sai shi Bolton ɗin ya dawo ya rera abarsa a 1989 ta kai lamba ɗaya a Amurka. Na sha ganin an cakuɗa su biyun a gardama irin taku.

Sunan Badfinger ya ɗan dawo kunnen matasa a 2013 da aka rufe shirin talabijin ɗin Amurka mai suna Breaking Bad da waƙarsu "Baby Blue", ita ma Pete ya rubuta, kuma a shekarar ne garin Swansea ya kafa masa allon tunawa kusa da tashar jirgin ƙasa. An kuma fitar da gwaje-gwajen waƙoƙin da ya naɗa shi kaɗai, da yawansu a gidan nan nasu na Landan, a albam biyu, 7 Park Avenue da Golders Green, wato adireshin gidan da sunan unguwar.

In kun zauna da abokin naka da dattijon, ku nemo ta Badfinger da ta Nilsson da ta Mariah a YouTube ku saurara a jere, amma ku fara da ta 1970, ku sa abin kunne. Za ku ji Pete ya fara baiti da muryarsa mai laushi, gita na binsa a hankali, sai daidai inda amshi zai shigo muryar ta canza, Tom ne ya karɓa, tasa ta fi kaifi kuma tana ɗan rawa a sama. Daidai wannan gaɓar ce aka ɗinke waƙar Pete da ta Tom, kuma a wannan naɗin kaɗai za ka ji kowannensu na rera rabinsa da bakinsa.